Sofiya Kovalevskaya: matar da aka hana shiga aji, ta zama farfesar lissafi a ƙasar Suwidin

 Yau tarihin da muka ɗauko muku na wata mata ce da ta rasu tun shekara ta 1891. Sunanta na da nauyi a baki, Sofiya Kovalevskaya, don haka za mu riƙa ce mata Sofiya kawai. A Rasha aka haife ta, a Jamus ta yi karatu, amma ƙasar Suwidin ce ta ba ta aiki, can ta yi suna, can kuma kabarinta yake. Mutanen Suwidin Sonya suke kiran ta. Shekara 41 kacal ta yi a duniya, amma har gobe duk ɗalibin jami'a da ya yi nisa a lissafi sai ya ci karo da sunanta.

Ɗakin da aka liƙe da takardun lissafi

An haifi Sofiya ranar 15 ga Janairu 1850 a birnin Mosko. Mahaifinta, Vasily Korvin-Krukovsky, janar ne na sojan igwa. Mahaifiyarta kuwa daga gidan masana ta fito, don kakanta masanin taurari ne. Su uku ne ƴaƴan gidan: yayarta Anna, wadda ake ce ma Anyuta, sai ita Sofiya, sai ƙanensu Fyodor. A 1858 janar ya ajiye kaki, ya kwashe iyalinsa suka koma gandunsu na ƙauye da ake kira Palibino.

A gidajen masu hali na can, ana liƙa takarda mai ado a bangon ɗakuna. Da aka zo gyaran gidan, sai takardar ta ƙare kafin a kai ga ɗakin yara. Wa zai yi doguwar tafiya zuwa birni saboda ɗaki guda? Sai aka shiga tarkace aka ɗauko wasu tsofaffin takardun da janar ya yi karatu da su yana saurayi, aka liƙe bangon da su. Takardun nan darussa ne na wani babban malamin lissafi, Ostrogradsky. Yarinya ta riƙa tsayawa gaban bango tana kallon alamomin da ba ta san ma'anarsu ba, tana neman ta gane wane shafi ke bin wane, har suka zauna mata a ka. Ga kuma baffanta Pyotr, mutum mai yawan karance-karance, wanda ke zama yana yi mata hirar lissafi kamar yana magana da babba.

Janar ɗin bai cika son mace ta yi zurfin ilimi ba. Da ya ga abin na neman yawa, ya sa aka tsayar mata da darasin aljabara. Ita kuwa ta ari littafi, tana karantawa da dare a ɓoye bayan kowa ya kwanta. Tana da wajen shekara 14, wani maƙwabcinsu malamin fiziks mai suna Tyrtov ya kawo ma gidan kyautar littafin da ya rubuta. Sofiya ta kama karantawa, har ta isa babin haske, inda aka yi amfani da lissafin kusurwoyi, wanda ba a taɓa koya mata ba. Ba ta ajiye littafin ba. Ta zauna ta ƙirƙiro tata hanyar, kuma hanyar ta yi daidai da wadda masanan dā suka fara bi. Da Tyrtov ya ga haka, shi da kansa ya je ya roƙi janar a bar yarinyar nan ta yi karatu. Uban ya sauko, aka samo mata malami a birnin Petersburg, Strannolyubsky. Malamin ya yi mamakin yadda take ɗaukar darasi kamar ta taɓa yin sa. Gaskiya ne, ta taɓa ganin sa a bangon ɗakinta.

Auren takarda

A Rasha ta wancan zamani, jami'a ba ta karɓar mata. Mace kuma ba ta samun takardar fita ƙasa sai da iznin uba ko na miji. Janar kuwa ba zai bar ƴarsa budurwa ta tafi baƙuwar ƙasa ita kaɗai ba. Samari da ƴan matan lokacin masu neman ilimi suka fito da wata dabara: a ɗaura aure na takarda kawai, mijin ya sa hannu, matar ta samu hanyar fita. Anyuta ce aka fara nema ma irin wannan miji. Saurayin da aka samu, Vladimir Kovalevsky, mai buga littattafai ne, yana fassara littattafan kimiyya zuwa Rashanci. Da ya ga ƴan matan, sai ya ce ƙaramar zai aura. An sha daga da uban, don a ganinsa ba a aurar da ƙanwa a bar ya, amma daga ƙarshe ya yarda. Aka ɗaura aure a 1868, Sofiya na da shekara 18. Iyaye ba su san auren na takarda ne ba. Za mu ga nan gaba irin tsadar da wannan dabara ta yi ma su biyun.

A 1869 suka isa garin Heidelberg na Jamus. Nan ma ba a rubuta ta cikin ɗalibai ba. Abin da aka yarda shi ne ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amince ta zauna ajinsa ta saurara. Haka ta yi karatu wajen manyan masana irin su Kirchhoff da Helmholtz da Königsberger. Shi wannan na ƙarshe ya ga abin da ke kanta, ya ba ta shawara ta tafi Berlin wajen nasa malamin, Karl Weierstrass, wanda a lokacin ake sa shi a sahun gaba na masana lissafi a Turai.

Ta isa Berlin a 1870. Weierstrass dattijo ne mai shekara 55, wanda shi ma ya daɗe yana aikin mushen lakkwal a ƙananan garuruwa kafin duniya ta san da shi. Da baƙuwar ta zo, ya ba ta wasu tambayoyi masu wuya da ya tanadar ma ɗalibansa na gaba-gaba, yana zaton ba zai sake ganin ta ba. Bayan kamar mako guda sai ga ta da amsoshi, kuma ta bi hanyoyin da suka burge shi. Ya nemi jami'ar Berlin ta bar ta ta shiga aji, hukumar jami'a ta ƙi. Sai dattijon ya ce to shi zai koyar da ita a gida. Shekara huɗu ana haka: ran Lahadi ta je gidansa, inda yake zaune da ƴan uwansa mata biyu, cikin mako kuma shi ya zo masaukinta.

A tsakiyar karatun nan, a 1871, tawaye ya ɓarke a birnin Paris, wanda ake kira Komin. Anyuta na ciki tsundum tare da Victor Jaclard, mutumin da ta aura daga baya. Sofiya da Vladimir suka ratsa suka shiga birnin, ta taya yayarta jinyar waɗanda suka ji rauni. Da aka murƙushe tawayen aka kama Jaclard, sai da tsohon janar ya taso takanas daga Rasha, aka yi ta faɗi-tashi har mutumin ya tsira. Sofiya ta koma Berlin ta ci gaba da aikinta.

Wai wane irin lissafi ne wannan?

Bari mu ɗan tsaya nan, don na san wani zai ce, lissafi ba tarawa da ɗebewa da rabawa ba ne? E, shi ne na kasuwa. Amma akwai wani reshe da za mu kira lissafin canji. Ku dubi kofin shayi da aka zuba yanzun nan. Da farko yana hucewa da sauri, in ya kusa zama daidai da iskar ɗaki sai hucewar ta yi sanyi. Ko randa mai yoyo daga ƙasa: in ta cika, ruwan na tsartuwa da ƙarfi, in ya yi ƙasa sai ya koma ɗiga. A duka biyun akwai ƙa'ida guda: saurin canjin ya danganta ga halin da abin yake ciki a wannan lokacin. Masana na rubuta wannan ƙa'ida da alamomi. Aikin da ya rage shi ne, daga ƙa'idar nan ta lokaci guda, a fitar da labarin gaba ɗaya, a ce bayan minti goma shayi zai kai kaza, bayan awa guda ruwan randa zai sauka zuwa nan.

Akwai kuma wanda ya fi wannan wuya, inda abin ke canzawa ta fuska fiye da ɗaya. Misali fatar ganga. In makaɗi ya buga, tsakiyar fatar na motsi daban, gefenta na motsi daban, kuma kowane wuri motsinsa na canzawa daga ƙiftawar ido zuwa ƙiftawar ido. Ke nan akwai canji ta wuri, akwai canji ta lokaci, kuma suna ɗaure da juna. Haka igiyar ruwa take, haka sauti, haka iska da gajimare. Hasashen yanayi da kuke ji muna karanto muku gabanin damina, irin wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke da hannu a ciki, na dogara da manyan kwamfutoci masu warware irin wannan lissafi na motsin iska da zafi da laima.

To kafin mutum ya ɓata shekaru yana neman amsa, akwai tambayar da ya kamata ya fara yi: shin amsar ma tana nan? In tana nan, guda ce ko da yawa? Mai haƙar rijiya zai so ya san akwai ruwa a ƙasa kafin ya sa diga. Wannan tambaya ce Sofiya ta amsa. Ta tabbatar da hujja cewa in ƙa'idar canjin na da wata siga da ta bayyana, kuma an san halin da abin ya fara da shi, kuma duka biyun lafiyayyu ne ba karaya ba tsalle, irin waɗanda ake iya rubutawa da jerin lissafi mai tafiya daki-daki, to amsa irin wannan na nan, kuma guda ɗaya ce tak, aƙalla a kusa da wurin da aka fara. Wani Bafaranshe, Cauchy, ya riga ya taɓa wannan aiki a 1842, amma Sofiya ta kawo shi a cike kuma a tsare. Shi ya sa ake kiran sakamakon da sunayensu biyu, Cauchy da Kovalevskaya.

Ta ƙara da wani abu da ya ba malaminta mamaki. Ta ɗauki ƙa'idar yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe, kamar yadda maƙeri ke sa bakin ƙarfe a wuta zafin ya biyo har hannunsa, ta nuna cewa a nan hanyar na iya wargajewa, don ƙa'idar zafi ba ta da sigar da ake bukata. Ke nan ta nuna inda hanyar ke aiki, ta kuma nuna iyakarta.

Digiri a hannu, aiki babu

Zuwa 1874 ta gama ayyuka uku, kowane ɗaya ya isa a ba mutum digirin dokta, wanda ƴan lakkwal ke ce ma doktora. Na farko shi ne wanda muka bayyana. Na biyu a kan zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal, wadda Turawa ke kira Saturn, inda ta gyara lissafin da Laplace ya yi a kan sigar zoben. Na uku a kan wani reshe mai zurfi da ke ɗauke da sunan Abel, masanin ƙasar Norwe. Weierstrass ya yi ta rubuce-rubuce har jami'ar Göttingen ta yarda ta duba ayyukan ba tare da Sofiya ta zauna jarrabawar baka ba. Aka ba ta digirin da daraja mafi girma. Ita ce mace ta farko a Turai ta wannan zamani da ta samu doktora a lissafi. Ƙawarta Yuliya Lermontova, wadda suka yi zaman ɗaki guda, ita ma ta samu nata a ilimin haɗa sinadarai a wannan shekara. A 1875 aka buga aikin Sofiya na farko a babbar mujallar lissafi ta Jamus.

Sai ta koma gida Rasha da digirinta, ta tarar ba abin da ya canza. Jami'a ba ta ɗaukar mace aikin koyarwa, jarrabawar da ke buɗe wannan hanya ma an hana mata zama. Abin da ya rage mata shi ne koyar da ƙidaya a ƙananan azuzuwan makarantar ƴan mata. Mijinta, wanda shi ma ya samu doktora a Jamus a kan ƙasusuwan dabbobin dā, musamman kakannin doki, bai samu kujera da wuri ba. Mahaifinta ya rasu a 1875. A wannan tsakanin auren takarda ya koma aure na gaske, kuma a watan Oktoba 1878 suka haifi ƴa mace, aka sa mata suna Sofiya, ana kiran ta Fufa.

Ma'auratan suka yanke shawara su nemi kuɗi tukuna, in sun tara sai su koma ga ilimi hankali kwance. Suka zuba gadon Sofiya da bashi cikin gine-ginen haya a Petersburg. Ba su da ƙwarewar kasuwa, jari ya karye, masu bin bashi suka yi musu caa. Kusan shekara shida Sofiya ba ta taɓa lissafi da gaske ba. Tana rubuta sharhin wasan kwaikwayo da labaran kimiyya a jarida, tana zuwa tarukan manyan gari. Wasiƙun tsohon malaminta ma ta daina amsawa na tsawon shekaru. Wanda ya gan ta a lokacin zai ce shi ke nan, an yi asarar wannan kai.

A 1880 babban masanin lissafin Rasha, Chebyshev, ya gayyace ta ta yi jawabi a wani taron masana a Petersburg. Ta zaro ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukanta ta gabatar. Cikin masu saurare akwai wani ɗan Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, shi ma almajirin Weierstrass ne, kuma ya taɓa ziyartar ta a 1876. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya samo mata kujera. Ita kuma ta koma Berlin da Paris ta sake kama aiki. Zama tsakaninta da Vladimir ya riga ya lalace, suka rabu, kowa ya kama gabansa. Shi ya shiga wani kamfanin mai, masu kamfanin suka yi almundahana, tuhuma ta biyo ta kansa. A watan Afrilu 1883 ya kashe kansa. Labari ya iske Sofiya a Paris. Ta kulle kanta a ɗaki ta ƙi cin abinci har ta suma. Da ta farfaɗo ta tafi Rasha, ta bi takardunsa don ta wanke sunansa daga zargin.

Suwidin ta buɗe ƙofa

A birnin Stockholm akwai wata sabuwar babbar makaranta da aka buɗe a 1878. Ba ta gwamnati ba ce kamar tsofaffin jami'o'in Uppsala da Lund, da gudummawar jama'a da ta birni aka kafa ta, kuma tana karɓar mata. Mittag-Leffler shi ne farfesan lissafi a can. Abin takaici, mutuwar mijin ce ta sauƙaƙa lamarin, don a idon mutanen lokacin matar da mijinta ya mutu ta fi wadda ta rabu da miji mutunci. A watan Nuwamba 1883 Sofiya ta sauka Stockholm. A ƙarshen Janairu 1884 ta tsaya gaban allo ta ba da darasinta na farko, a kan lissafin canji, da harshen Jamusanci. Ba ta da albashi a wannan zango, gwaji ne, ɗalibai ne ke haɗa mata ɗan abin da ya samu. Gwajin ya yi kyau. A tsakiyar 1884 aka ba ta kujerar farfesa ta shekara biyar. Ba da daɗewa ba ta koyi harshen ƙasar har ta koma koyarwa da shi.

Ba kowa ya yi murna ba. Shahararren marubucin ƙasar, August Strindberg, ya yi rubutu yana sukar a ce mace ce farfesar lissafi. Wasu a Uppsala ma sun yi ta gunaguni. Mittag-Leffler bai ja da baya ba. Ya sa ta cikin editocin mujallar da ya kafa a 1882, Acta Mathematica, wadda har yau tana cikin manyan mujallun lissafi na duniya. Da yake tana jin Rashanci da Faransanci da Jamusanci, ta zama mai sada masanan ƙasashen nan da juna, tana kai aikin wannan ga wancan. Cikin matasan da ke makarantar a shekarun nan akwai Ivar Bendixson, wanda daga baya shi ma ya yi suna a lissafin canji.

Rayuwar ba ta zo mata da sauƙi ba. Sanyin ƙasar da dogon duhun hunturu sun dame ta, tana kewar Paris da Petersburg. Ƴarta Fufa na can Rasha hannun ƙawarta Yuliya, sai a 1886 ta ɗauko ta, kuma mutane sun yi ta tsegumi a kan uwar da ta bar ƴarta saboda aiki. A 1887 yayarta Anyuta ta rasu bayan doguwar jinya. Abin da ya ɗan rage mata kaɗaici shi ne ƙawancenta da Anne Charlotte Leffler, ƙanwar Mittag-Leffler, marubuciya, wadda suka rubuta wasan kwaikwayo tare.

Katantanwa da mazari

Yanzu ga aikin da ya kai ta ƙololuwa. Kowa ya ga yara na murza katantanwa, ko tsohuwa na kaɗi da mazari. Abin na juyawa a kan tsini guda, yana layi, yana sunkuyawa yana miƙewa, nauyinsa na jan sa ƙasa. Tambaya ita ce: in an san sigar abin da yadda aka murza shi, za a iya faɗin daidai inda zai fuskanta a kowane lokaci? Ƙa'idar canjin an san ta tun tuni. Warware ta ne ya gagara. Euler ya warware hali guda, inda aka tokare abin daidai tsakiyar nauyinsa. Lagrange ya warware na biyu a 1788, inda abin ke da siga daidai ta kowane gefe kamar mazari, tsakiyar nauyinsa na kan sandar. Daga nan aka yi shekara ɗari ba wanda ya ƙara ko taki ɗaya.

Cibiyar masana kimiyya ta Faransa ta sa gasa a kan wannan tambaya, gasar da ake kira kyautar Bordin. Ba a sa suna a takardun, don kada alƙalai su san mai aikin. Takardu 15 suka shigo. Sofiya ta bi wata hanya da ba wanda ya yi tunaninta, ta yi amfani da kayan aikin da ta koya wajen Weierstrass, ta gano hali na uku: abu mai juyawa wanda nauyinsa ya karkata gefe, ba a kan sandar ba, amma rabon nauyin na bin wani ma'auni na musamman, biyu daidai da juna, kowannensu ninki biyu na na ukun. Ta warware shi har ƙarshe. Alƙalai suka zaɓi takardar, kuma saboda darajar aikin aka ɗaga kuɗin kyautar daga faran 3000 zuwa faran 5000 na Faransa ta lokacin. A watan Disamba 1888 aka miƙa mata kyautar a Paris. Masanan da suka biyo baya sun tabbatar cewa ta irin wannan hanya, halaye ukun nan ne kawai ke warwaruwa gaba ɗaya: na Euler, na Lagrange, da na Sofiya.

A 1889 cibiyar masana kimiyya ta Suwidin ta ba ta tata kyautar a kan ci gaban wannan aiki. A watan Yuni na shekarar aka tabbatar da ita cikakkiyar farfesa ta dindindin a Stockholm. An taɓa samun mata masu kujerar jami'a a Italiya a ƙarni na 18, irin su Laura Bassi, amma a arewacin Turai ita ce ta farko. A ƙarshen shekarar, da ƙoƙarin Chebyshev da wasu, cibiyar masana ta Rasha ta gyara dokarta don ta karɓe ta a matsayin mamba mai aiko da rubutu daga waje. Amma kujerar koyarwa a ƙasarta, wadda ita ce burinta, ba a ba ta ba har ta mutu.

Don gaskiyar tarihi, ba duk aikinta ne ya tsira ba. Wani da ta yi a kan yadda haske ke ratsa duwatsu masu ƙyalli, bayan rasuwarta wani masanin Italiya, Volterra, ya gano akwai kuskure a ciki. Manyan ayyukan nata biyu kuwa suna nan daram. Ta kuma yi rubutun adabi: littafin tarihin ƙuruciyarta ya fito da harshen Suwidin a 1889, kuma daga cikinsa ne aka san labarin bangon nan mai takardun lissafi.

Ƙarshen tafiya

A shekarunta na ƙarshe ta shaƙu da wani masani ɗan Rasha, Maksim Kovalevsky, dangin marigayi mijinta na nesa, wanda aka kora daga jami'ar Mosko saboda ra'ayinsa na siyasa. An yi maganar aure, amma shi yana zaune a kudancin Faransa, ita kuma kujerar da ta sha wuya kafin ta samu na Stockholm, abin ya yi ta jan lokaci. A hutun hunturu na ƙarshen 1890 ta je wajensa. A hanyar dawowa ta bi ta Paris da Berlin, ta ratsa ƙasar Denmak cikin ruwan sama da sanyi, tana sauya jiragen ƙasa da na ruwa. Ta iso Stockholm da mura mai tsanani, duk da haka ta shiga aji ta ba da darasi. Murar ta sauka huhu. Ranar 10 ga Fabrairu 1891 ta cika, ta bar Fufa tana da shekara 12. Aka binne ta a maƙabartar arewa da ke Solna, a gefen Stockholm. Da labari ya kai ga Weierstrass, tsoho mai shekara 75, ya ƙone wasiƙun da ta aiko masa. Nasa da ya aika mata kuwa an adana su. Fufa ta girma ta zama likita a Rasha.

Yau akwai wani rami a bayan wata da aka sa ma sunan Sofiya, an kuma yi shekaru ana ba da wata babbar kyauta ta matasan masu bincike a Jamus mai ɗauke da sunanta.

Jama'a, in kun lura, a kowane mataki na rayuwar matar nan an samu ƙofa a rufe, an kuma samu mutum guda da ya tsaya mata: maƙwabcin da ya je ya roƙi ubanta, dattijon da ya koyar da ita a gida shekara huɗu, da ɗan Suwidin da ya yi ta fafutuka har ya samo mata allo da alli. Duk da haka shekara shida ta tafi a banza tana da digiri a hannu, kuma shekara bakwai kawai ta samu tana koyarwa. Wataƙila a gidanku ko gidan maƙwabta akwai yarinyar da mushe ya ce kanta na ja a lissafi, ana kuma shawarar ko ta wuce kwalej ko ta tsaya. Ƴan uwa na ƙetare da ke aiko da kuɗin cefane, in kun bugo waya gida, ku tambayi sakamakonta. Sai mun sake haɗuwa a wani tarihin, ku huta lafiya.